Birki da Labarin Kankana

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu cinye min cajin waya. Ni dai alhamdu lillahi, ƙugun da ya karye yana ɗinkewa, har na fara kaiwa bakin ƙofa da sandar nan mai ƙafa huɗu.

Ke da yayanki kun ce in gwada duka biyun kafin a tsayar da mai kula da ni: wasu ranaku ma'aikatan kamfani, wasu ranaku mutumin da kika samo mai zaman kansa. To, na gwada. Kamfani nake so.

Mutumin naki na sa masa suna Birki. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tuƙi, ban taɓa ganin birki mai ci irin nasa ba. In na miƙa hannu ga gishiri, ya taka. In na ce a ƙara sukari, ya taka. Wannan duk mai sauƙi ne. Jiya na ɗauko labarin haɗuwata da marigayiya mahaifiyarku, ranar da ta zo koyon mota ta sa giyar baya a maimakon ta gaba. Ban kai ko'ina ba sai ya ce wai ya sani, teburin mai kankana za ta daka, in ɗaga hannu ya sa min riga. Sau nawa ma na ba shi labarin? Yatsun hannu da na ƙafa sun isa a ƙirga.

Kamfani kuwa kullum sabon yaro suke turowa cikin shuɗiyar riga. Yayanki yana ta ba ni haƙuri, wai zai yi musu magana su tsayar da mutum ɗaya. Ki ce ya kame bakinsa. Ina zan samu sabon kunne kowace safiya in ba a wurinsu ba? Gaskiya ne kowanne sai na nuna masa inda magani yake da yadda ake lallaɓa famfon banɗaki, amma in na kai wurin kankana har riƙe ciki suke yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ki shafa min kan yaran.

Babanki

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya tarin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Ga ƙarin hujja. Birkinki ya yi ciwon haƙori bai zo ba, kuma ba shi da wanda zai turo a madadinsa. Da ba don yayanki ya buga wa kamfani ba, da na wuni da rigar barci. Su ko an yi ruwan duwatsu sai sun aiko wani.

Don kada ki ce na ɓoye, ƙwan fitilar ɗakina ya mutu a ranar. Yaron kamfanin ya ce dokar aikinsu ta hana hawa kujera, ya rubuta cewa zai sanar da ofis. Ofis bai zo ba. Washegari Birki ya shigo da kumatu kamar ya ɓoye lemo a ciki, ya hau kujera ya canza ƙwan, ya sauko ya ɗauke min gishiri.

Akwai kuma wani yaro da ya fashe da dariya tun mahaifiyarku ba ta tayar da motar ba. Na fara zargin a kamfanin ake koya musu dariyar tare da awon jini. Ko ta haya ce, ta fi min shirun Birki.

Naki har kullum,
Babanki

'Yata Auta,

Ina fatan kun tashi lafiya. Wannan wasiƙar ki karanta ke kaɗai tukuna.

Shekaranjiya ina ba wani sabon yaro labarin. Motar ta daki teburin, kankana na ta gangarawa kan titi, mahaifiyarku ta buɗe ƙofa ta fito. Nan na tsaya. Na san ta faɗi wata magana, maganar da ta sa na ce a raina wannan zan aura, amma na laluba ko'ina a kaina babu ita. Yaron ya ɗauka ƙarshen ke nan, ya yi dariyarsa, ya tafi wanke kofi. Ba laifinsa ba ne. Ni kuwa tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da na faɗi a banɗaki. Ji na yi kamar ta sake rasuwa.

Da Birki ya zo da safe, ko kallon gishiri ban yi ba, sai ya gane akwai magana. Yana min aski ya tambaya, na faɗa masa. Bai ko ɗaga reza ba ya ce ai riƙe ƙugu ta yi, ta ce wa mai kankana waye ya ce ya kafa teburi a bayan mai koyon mota, sannan ta ɗauki mafi girma a cikin waɗanda ba su fashe ba ta tambaye shi nawa ce. Haka ta ce, Auta, ba ragi ba ƙari. Na yi kuka da kumfa a fuska. Shi kuma ya ce sabulu ne ya shigar min ido, ya miƙo tawul.

Ki faɗa wa yayanki a bar min Birki. Kamfani su riƙa zuwa ranar da haƙorinsa ya motsa, don ban fasa son dariyarsu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, na sani tun kafin a haife ku, taurin kai ne kawai.

Yau na fara ba shi labarin ranar da aka haife ki. Yana ta tsaki, yana cewa in ɗaga hannu ya sa min riga, amma na ga kunnen yana aiki. Gobe zan maimaita masa.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki