Luguden Inna

Unguwar Kudai, Makka, daren Talata, watan Safar

Yau Habu, abokin kiɗana na Damagaram, ya turo mini bidiyo. Ga shi a wani babban zaure a Turai da gurminsa, yana maimaita sauti uku kacal, a hankali, kusan rabin awa. Jama'a sun yi tsit. Da ya gama, sai ya ce musu wai shirun sahara ne ya koya masa kiɗan.

Wace sahara? Luguden Inna ne da ƙannenta biyu, taɓarya uku a turmi ɗaya. Ni na ɗauko shi na ɗora a gurmi. A lokacin dariya Habu ya yi, ya ce wannan ko akuya ba zai tayar ba.

Ni kuwa ga ni Makka ina ɗinkin jallabiya, gurmina na can gida. Ɗazu na shagala ina ƙwanƙwasa kiɗan a teburin keke, maigidana ya ce, "Khalas, ya isa haka, ya Sani, nan ba gidan biki ba ne."

Na rubuta wa Habu, "Allah ya ƙara basira." Gobe da safe Inna za ta sake luguden nan, ba mai tafa mata.