Fuskar Nardo a Bakin Gada

Asabar, 16 ga Satumba

Na rufe shagon abinci da wuri saboda fim ɗin da ɗaliban birni suka kawo filin ƙwallon kwando. Kyauta ne, shi ya sa har waɗanda ba sa zuwa jana'izar danginsu sun hallara. Mijina Nardo ne ya ja ni, wai matar ɗan rediyo ba ta ƙin kallon fim a kan rediyo.

Labarin zamanin iyayenmu ne, lokacin mulkin soja. Wani ɗan siyasa ya matsa wa wata mai karanta labarai ta kira masu saran rake da ke yajin aiki "jajaye", wato mutanen 'yan tawayen kan dutse. Ta ƙi. Ƙarshe aka rufe tashar, aka nuna kujerarta babu kowa.

Da farko wandunansu masu faɗin ƙafa ake yi wa dariya. Can sai wuri ya yi tsit. Manang Dadang mai kifi ta miƙe tana nuna ɗan siyasan da yatsa: "Maƙaryaci! Ku miƙo min shi in barbaɗa masa gishiri in shanya!" Wani tsoho da ban sani ba ya fice kafin a gama, yana share ido da hularsa.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Kansila Amador a kujerar gaba. Ya fi kowa tafi. Mutumin da makon jiya ya tsaya a kasuwa ya ce masu saran raken da ke yajin aiki a babbar gona jajaye ne! Ko bai gane kansa ba, ko ya gane bai damu ba, oho.

Ana kunna fitila Nong Berting mai babur ɗin haya ya ɗaga hannun Nardo sama. "Mu ma ga tamu nan, sai dai tamu da gashin baki!" Aka yi ta shewa. Nardo yana sunkuyar da kai yana murmushi. Na san murmushin nan, kuma bai yi min daɗi ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

A ƙofar coci fim ɗin kawai ake zance. Kowa ya gane maƙwabcinsa a ciki. Ban ji wanda ya gane kansa ba.

Talata, 19 ga Satumba

Nardo ya yi abin da nake gudu. A shirinsa na safe ya kawo masu saran rake biyu suka yi magana, sannan ya saka muryar Kansila da aka naɗa yana kiran su jajaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina shaida?"

Shagona ya cika maƙil, ana bubbuga tebur. Berting har ƙarin shinkafa ya ci don murna. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kaina ya kumbura.

Da ya dawo na tare shi. Na ce ita 'yar fim ana gamawa ta wanke fuska ta tafi gidanta, kai fa?

"Haba Inday Nita, tambaya ɗaya fa na yi."

Ya ci abincinsa har da suɗe cokali. Ni na kasa.

Juma'a, 22 ga Satumba

Kansila ya aiko a gaishe da Nardo. A gaishe shi kawai.

Litinin, 25 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Wajen hantsi Nanay Pilang, uwar Nardo, ta shigo shago da rigarta ta zuwa coci, ɗauke da ƙatuwar roba ta taliyar biki. Fuskar nan kamar an ba ta jika.

"Ke Nita, haka ake yi? A ɗaga ɗana sama, sai a titi zan gani?"

Na ce ɗaga shi ina, Nanay?

"A bakin gada mana! Tamfol guda da hotonsa a jiki, ya fi na 'yar gidan mai magani girma, wadda ta ci jarrabawar nas. Ya yi kyau a hoton, sai dai ba su gyara masa gashi ba. Lambar yabo ce ko? Rubutun ja ne, ban iya gani ba, kin san idon nan."

A garin nan ai ba a buga fuskar mutum a tamfol sai ya ci jarrabawa, ko ya cika shekara, ko ya dawo daga aikin jirgin ruwa. Me zai sa ta yi tunanin wani abu? Ta miƙo min wayarta. Ta sa Berting ya tsayar da babur ya ɗauke ta hoto a ƙarƙashi, ta ɗaga babban yatsa tana dariya. A saman kanta ga fuskar Nardo, ga rubutu: KAKAKIN JAJAYE. MAƘIYIN GARI.

Kuma Berting ya iya karatu. Ya ɗauki hoton, ya kawo ta ƙofata, ya ja babur bai ko leƙo ba.

Nardo ya zo da rana, ya riga ya gani. Ya dubi uwarsa, ya dubi robar, ya ja kujera. "Nanay, zuba min da yawa." Muka ci mu uku. Tana ta cewa ya ƙara, taliya tsawon rai ce. Ban taɓa haɗiyar abu mai wuya irin wannan ba.

Laraba, 27 ga Satumba

Mun je wurin 'yan sanda. Wa ya rataya? Ba wanda ya gani. A gadar da ko akuya ta tsallaka sai an san ta wace ce.

Fada na cocinmu ya ce zai sa mu a addu'a. Mai tashar rediyon ya ce shi ba ya hana kowa magana, amma Nardo ya tuna akwai masu iyali a wurin. Mun yanke tamfol ɗin da kanmu. Kafin yamma an rataya wani a gaban makaranta.

Wata mata ta karanta wa Nanay rubutun da ke jikin hoton. Ta zo ta ajiye wayar a gabana. "Goge min." Na goge. Ta zauna a bayan shago har na tashi.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Bencinmu a coci mu kaɗai. Da faɗi, har na ajiye jaka.

A waje na ci karo da Manang Dadang, mai barbaɗa gishiri. Ta kama hannuna tana waige-waige. "Inday, kar ki ga laifina. Ɗana na neman shiga aikin gwamnati." Na ce ban ce komai ba, Manang. Ta ce, "Ai fim daban, rayuwa daban." Na so in tambaye ta wa ya miƙe yana ihun "Maƙaryaci!" ranar. Na zare hannuna na wuce, ina amfanin.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Mutum biyu a kan babur, tsallaken shago, hular kwano a rufe. Tun da shirin Nardo ya fara har ya ƙare. Ba su sayi komai ba, ba su yi komai ba. Wa zan kai wa ƙarar mutanen da suka tsaya a titi?

Na durƙusa masa. Ni, da ko ranar aurenmu sai da Fada ya maimaita kafin na durƙusa. Na ce ka bari, ka yi ta karanta gaisuwa da farashin taki kamar kowa.

"In na yi shiru yanzu, Nita, ai na sa hannu a tamfol ɗin ke nan."

Tsoro nake ji. Tsoro kawai, daga safe har safe.

Litinin, 9 ga Oktoba

Mutane sun ɗan dawo shago yau. Ina jin don na canza tasha ne, na kamo ta waƙoƙi tun kafin shirinsa ya fara. Tashar tasu tana shashsheƙa kwanan nan, ba a jin komai sosai. Shi ke nan dalili. Berting ma ya shigo ya ci.

Da Nardo ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin, ya yi tambayar da yake yi kullum tun muna saurayi da budurwa. "Kin ji ni yau?"

Na ce na ji mana. Ka gaya musu gaskiya, ka yi daidai.

Ya daɗe yana kallona.

"Gaisuwa na karanta, Nita. Da farashin taki."

Na ce shinkafa na ƙonewa, na juya. Ban ɗora komai a wuta ba.