Ɗorin da Ba Ya Cikin Takarda

Ƙofar Durbi, Katsina,
14 ga Yuli.

Zuwa ga ɗana Mudassir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan zamanka. Allah Ya tsare maka imaninka da jikinka, Ya sa ka gama abin da ya kai ka lafiya. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Damina ta zauna sosai, geron gonarmu ta hanyar Kaita ya wuce gwiwa. Ciwon bayan Innarku ya yi sauƙi, har ta koma faɗanta da kaji. Yayarka Safara'u ta gama wanka ta koma ɗakinta, kuma jaririn nan Umair, duk wanda ya ɗaga shi sai ya yi nishi ya ce kawunsa ya biyo. Ƙanwarka Fadila ta gama jarrabawa. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka ta waya. Na ce kada ta karanta, na kuma san za ta karanta.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali kowace Juma'a muna waya. To ka san halin ubanka. In na ji muryarka ba na iya wuce yaya karatu, yaya sanyi, kana dai salla kan lokaci, daga nan sai in miƙa wa Innarku wayar kamar ta ƙone mini hannu. Akwai maganar da ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na nemi biro.

Bidiyon da kake turowa duk muna kallo, har a kasuwa. Har yau 'yan layin hatsi ba su yarda a Amurka akwai ƙwallon da ake ba mutum karatun kwaleji kyauta saboda ita ba, kuma shi ba ya taɓa ƙwallon ko da yatsa. Na gaji da yi musu bayani cewa ku 'yan sahun gaba ne, ku biyar kuke jeruwa ku zama katanga, ƙartin can su taso su ture ku, ku kuma ku hana su isa ga mai jifan ƙwallon. Wani ya ce ashe dakon da ka ƙi yi mini a rumfa shi ka je yi wa Turawa, an dai ƙara maka hular kwano. Na yi dariya, amma a raina alfahari nake. Na riƙe duk abin da ka gaya mini. Ka tafi da kilo ɗari da ashirin da biyu, yanzu kana ɗari da talatin da shida, kocinku mai kula da ƙarfin jiki yana son ka kai ɗari da arba'in da biyu kafin a shiga atisayen watan Agusta. Ka ce sababbin ɗauka irinku ku shida ne, ana auna ku kowace Litinin, ana ciyar da ku sau biyar a yini, kuma cikin shidan kai ka fi kowa ɗaga ƙarfe amma kai ne na biyar a gudu. Ka ce ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai mutum ya iya tunkuɗa sau sittin a jere numfashinsa bai yanke ba. Ni da na yi shekara talatin ina kallon masu dako na gane wannan sarai. Ba wanda ya ɗaga buhun farko ake ba aiki ba, wanda ya sauke na ƙarshen mota ƙafarsa ba ta rawa shi ake nema gobe.

Wata bakwai ke nan da tafiyarka, gidan ya yi mana girma. Har yanzu Innarku in za ta auna garin tuwo sai hannunta ya zarce, sai ta tsaya ta rage kwano guda tana tsaki. Da azumi babu wanda ya iya zama a gefen tabarmar da kake zama. Ranar layya kuwa mutum huɗu muka tara kafin a kayar da sa, shi ma sai da ya ja su har bakin rijiya, na tsaya da wuƙa a hannu ina tuna bara da ka riƙe ƙaho kai kaɗai ka murɗe. Ina kewarka, Mudassir. Ban taɓa faɗa maka da baki ba, ga shi na rubuta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna. Mako uku da suka wuce ka turo bidiyon da aka ɗora maka ƙarfe a wuya kana tsugunawa kana miƙewa, ka ce kilo ɗari biyu ne, wato buhun gero biyu cur. Kowa yana kallon ƙarfen, ni ƙafarka nake kallo. Duk miƙewar da za ka yi sai ƙafar hagu ta buɗe waje, gwiwar ta shigo ciki, kafaɗarka ta dama ta riga ta hagu tashi. Haka kuma a wancan da kuke tura keken ƙarfe a kan ciyawa. Na maimaita kallonsa ya fi sau ashirin ina fatan idona ne ya tsufa.

Ba idona ba ne. Kana da shekara biyar na tafi da kai rumfa, na bar ka na shiga ciniki, ka hau tsibin buhuna, ɗaya ya zame ya danne maka ƙafar hagu. Kai abin da ka sani shi ne ka taɓa targaɗe kana ƙarami, don haka muka riƙa faɗa maka. Ba targaɗe ba ne, karaya ce, a ƙasan gwiwa kaɗan. Ban kai ka asibiti ba. Na saɓa ka a kafaɗa na kai ka gidan Babaji maɗori, nan bayan masallacin unguwa, wanda ya taɓa ɗora mini hannu ina saurayi. Ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi, ka yi kwana arba'in a kwance Innarku tana yi maka tatsuniya. Da aka kwance ɗorin ka tashi ka taka, bayan wata biyu ka fi kowa gudu a layi. Muka gode wa Allah muka manta.

Sai ranar da fom ɗin lafiyarka ya zo daga kwaleji. Ka tuna kana Abuja wajen biza, Usman ɗan ƙanena ya zo yana karanta mini tambayoyin yana fassarawa, tunda shi ne malamin Turancin gidan. Ya zo kan wadda ke cewa ko ka taɓa karaya, na ce a'a. Ban ko yi jinkiri ba. A raina na ce babu kati a kowane asibiti, babu hoton ƙashi, abin da ba ya cikin takarda ai wurin Bature bai faru ba. Na ji tsoron kalma ɗaya ta sa su ajiye ka su ɗauki wani, bayan duk gudun asubar da ka sha a filin makaranta da tayar mota ɗaure a ƙugu. Innarku tana tankaɗe a bakin ɗaki, na ga hannunta ya tsaya. Na sa hannu, Usman ya tura.

Jiya na ɗauki wayar Fadila na je wurin Babaji. Ya tsufa ƙwarai, ɗansa ne ke ɗori yanzu, shi sai dai ya zauna a zaure yana gyara masa da baki. Ya kawo wayar dab da hancinsa ya kalli bidiyon sau uku. Ya tuna ka, ya ma tuna cizon da ka yi masa a hannu. Ya ce karayar ta zo kusa da inda ƙashin yaro ke tsawo, shi ya sa tun a lokacin ya so ya ga yadda za ka girma, mu kuwa ba mu sake komawa ba. Ya tambaye ni ko takalminka na cinyewa gefe guda. Na dawo gida na jawo tsofaffin takalmanka daga ƙarƙashin gado, inda Innarku ta hana a taɓa su. Ƙafa uku na duba, duk na hagun ya zaizaye ta gefe, na daman yana nan daidai. Na daɗe zaune da su a cinya. Abin da Babaji ya ce da zan fito shi ne ya hana ni sukuni: "Almu, aikina ya kama, ba ni shakka. Amma ɗorin yaro na yi mashi, ban yi ɗorin raƙumi ba. Ka hwaɗa masu su duba kahin su ƙara mashi kaya."

Na gaya wa Innarku. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce fiye da wata bakwai take jira in buɗe baki da kaina, kuma da ta san lambar kocin da tuni ta sa Fadila ta kira shi. Sannan ta dube ni ta ce: "Malam, ka fi son a ce ɗanka yana Amurka, ko ɗan ka fi so?"

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa na yi mako uku ban rubuta ba, don kada ka ɗauka rashin damuwa ne. Ban yarda da kaina ba. Duk lokacin da na ɗauki biro sai wata zuciya ta ce, Almu, ƙafar yaron ce ta dame ka, ko so kake su sallamo maka shi? Domin gaskiya, in aka ce gobe kana filin jirgi, zan yi murna, Allah Ya yafe mini. Zan yi murna ko da kai kana kuka. Uban da ke jin haka bai kamata a ba shi alƙalanci ba. Da farko na yi ƙarya don ka tafi, sai na ji tsoron kada yanzu in fake da gaskiya don ka dawo. Na yi ta juya abin, na ga duka biyun suna nan, kewar gaskiya ce, karayar ma gaskiya ce, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya.

Saboda haka ban ce ka bar wasa ba, ban ce ka dawo ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake umartarka da shi, kuma umarni ne ba shawara ba, kafin ka sake sa ƙarfen nan a wuya ka je wurin likitan ƙungiyarku ka ce a ɗauki hoton ƙafar hagu daga gwiwa zuwa idon sawu. Na'urar ba ta da ɗa, ba ta kewar kowa, abin da ta gani shi za ta faɗa. Wataƙila su ce ba komai, su sa maka wani abu a takalmi, su canja maka atisaye. Wataƙila su ce ka dakata shekara guda. Wataƙila kuma su ce abin da muke tsoro. Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na sani ba. Na dai san saura mako uku a sa muku sulken wasa, ƙato mai nauyinka ya taso da gudu ya faɗo a kan gwiwar nan, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Na san halinka, za ka ce ba ka jin ciwo, za ka ce a bari sai an gama gwaji kada na shida ya wuce ka. Kada ka bari. Ka ce da kanka kocinku yana yawan faɗa muku cewa shiri ba girman jiki ba ne, sanin jiki ne. To su ba su san naka ba, kai ma ba ka san shi ba, ni na ɓoye muku.

Innarku tana gaishe ka, ta ce ka rage shan ruwan sanyi. Safara'u da mijinta suna gaisuwa, haka 'yan'uwanka Nafisa da Fadila, da Gwaggonka Dije da ke tambaya ko can ma ana samun fura. Babaji ya ce a gaishe da mai cizo. 'Yan layin hatsi duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da kocinka da abokin ɗakinka, Allah Ya saka musu da alheri kan riƙon da suke yi maka.

Za ka ga wata takarda ta biyu bayan wannan, da Turanci. Yau da safe na kira Usman na zaunar da shi, na gaya masa amsar da na ba shi ranar nan ba gaskiya ba ce. Yaron da na yi wa huɗuba da bakina ya sunkuyar da kai ya kasa kallona, ni ma haka. Na faɗa ya rubuta: ranar karayar, da wanda ya ɗora, da cewa kai ba ka da masaniya. Na sa hannu a ƙasa, irin sa hannun da ke kan fom ɗin, don su gwada su gani. Ka kai musu ita tare da ƙafar. In za su ce wani ya yi musu ƙarya, ga sunansa nan a rubuce, ba naka ba ne.

Allah Ya yi maka albarka. Ka yafe mini.

Mahaifinka,
Almu Mai Hatsi.