Yaya Sani, Ban Aiko Ƙwayoyin Ba

Zuwa ga Yayana Sani, a Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga Zariya, tare da fatan kana cikin lafiya ta gaskiya, ba irin wadda kake faɗa mini a waya ba. A fili na rubuto, tunda saƙon da na tura maka kai kaɗai ka karanta ka yi gum.

Malam Garba direba, maƙwabcinka a Al Muntazah, jibi zai koma bayan hutu. Ka ce in ba shi kilishi da yaji, da kwali shida na ƙwayar ciwon baya. Shida, Yaya! Duk asibitocin Doha, maganin bayanka sai daga kemis ɗin unguwarmu?

Na zauna na yi nazari. A asibitin can, kafin a duba bayanka sai an auna jininka. Kai kuwa tsoro kake labari ya kai kunnen kafil ɗinka, ubangidan da ya tsaya maka a biza, a ce mai gadin da ke wuni a tsaye a ƙofar bene a West Bay jininsa ya hau, a sallamo shi. In ƙarya na yi maka, ka faɗa.

Ranar Juma'a da ka kira ni ta bidiyo, na hango darduma a kan kujerar roba. Ka ce shanya ta ka yi. Yaushe ka fara salla a zaune? Ka hau matakala huɗu kana haki, ka ce zafin gari ne. Kome na tambaya, amsarka ɗaya: «Khalas, ba komai.»

Haka Baba ya yi mana. Shekaru yana dafe da ƙugu yana cewa «baya ne kawai». Safe da yamma yana haɗiyar ƙwayar nan, maganin hawan jini kuwa yana aljihun babbar riga, wai shi hawan jinin ba ya masa ciwo. Kai ka tallabe shi ranar da likita ta ce zuciyar ta kumbura, kuma ƙwayoyin na da hannu a ɓarnar. Ni aka fitar waje ina kuka, kai ka ji komai da kunnenka.

A wannan bayan ka goyo ni daga islamiyya ranar da kunama ta harbe ni. Wallahi tsoro nake ji, Yayana. Gara ka dawo mana babu aiki da a kira ni filin jirgi in karɓi gawa.

Don haka babu ƙwaya a ƙullin, kilishin ma na rage saboda gishiri. Na'urar awon jinin Baba na saka, da sabon batir. Ka turo mini hoton lambar da ta nuna, da hannunka a ciki, na hagu, mai tabon ƙuna. Na san ka sarai, za ka iya ɗaura wa Malam Garba. Daga nan sai asibiti.

Allah ya sassauta maka bayan nan, ya kare zuciyarka, ya jiƙan Baba, ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Ƙanwarka mai jiran hoto,
Hadiza