Inna, An Duba Jijiyata da Na'urar Masu Juna Biyu

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya, ina sanar da ke babban labari: ɗanki mai furfura ya bi layin masu juna biyu, an yi masa sikanin. Ba a ga yaro ba.

Dariyar a bakin ƙofa ta tsaya.

Tun bara tafin ƙafata ke yin dindiris. Ranar kasuwar Dutsin-Ma takalmina ya zame, na yi tafiya mai nisa ban sani ba, sai da wani mai mangwaro ya biyo ni da shi. Kin san wa na tuna. Haka Baba ya fara, haka Baffa Sule ƙaninsa.

Wata likita, a wani asibiti a birni, ta shafa mini wani mai mai sanyi a wuyan hannu da bayan gwiwa, ta ɗora na'urar. Ta nuna mini jijiyar da ke kai saƙon ji. Ta yi kauri fiye da ƙima. Gwajin jini ya tabbatar: amiloyidosis na gado. Wani sinadari ne da hanta ke yi, yana taruwa a jijiyoyi da zuciya, a hankali yana kashe su.

Na gado, Inna.

Kin tuna yadda dangi suka ce sammu aka binne a gonarmu ta Barkiya, maza ke takawa? Aka bar gonar ta koma daji. Ni kuma, mai littattafai, na yi musu dariya, na ce sukari ne da sanyin fadama.

Ke kina tankaɗe, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Goggonku Hajara fa? Tana ƙarama aka kai ta riƙo Karofi, ba ta taɓa taka gonar ba, da rarrafe ta ƙare. Abin a jini yake."

Na ce miki likitanci ba a madafa ake koyonsa ba. Kika ci gaba da tankaɗenki.

Da likitar ta ce in lissafa waɗanda suka yi ciwon a gidanmu, lissafinki na karanto mata, har da Goggo. Ta ce da an zo da wannan tun tuni, da an fara sa mini ido kafin ƙafar ta fara mutuwa. Akwai magani mai rage masa gudu, amma abin da ya tafi da wuya ya dawo.

Yanzu jikokinki biyar nake kallo, ban san wanda ya ɗauka ba. Manyan za su je gwaji. Gobe zan tafi Karofi in gaya wa 'ya'yan Goggo, ban san da wane baki ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa jikokinki su taka ƙasa suna jin ta.

Ke ce da gaskiya, Inna. Na yi kuskure.

Ɗanki na fari, wanda ba kya faɗin sunansa.