Man Keken Umma a Cikin Bindiga

Daren Laraba, unguwar Utaibiyya

Yau ma bindigar nan ta so kunyata ni a filin koyon harbi, can bayan iyakar Harami. Ina harbawa sai kwanson harsashi ya maƙale, na biyu ya ƙi hawa. Ga jarrabawar aikin gadi jibi.

Malaminmu ya kwance ta, ya shinshina, ya ce, "Ya waladi, man me ka zuba?" Na ce na keken ɗinkin Umma ne, ai kekenta bai taɓa gardama ba. Ashe na zuba shi da yawa, ya haɗu da ƙura ya daskare. Muka goge ta tas, ta dinga tafiya sumul.

Da na gaya wa Umma, cewa ta yi, "Allah ya ba ka sa'a. Dawo min da kwalbata."