Kyanwar Mama Ta Juya Wa Wuta Baya

Yaya Gobnait,

Gaisuwa mai yawa daga tsibiri. Yaya nauyin jiki? Na ji mijinki Donncha zai zo Asabar da kwalekwale ya ɗauki Mama, don ki haihu a hannunta. Don Allah ki hana shi.

Teku kwance take, amma tsuntsayenta sun baro ruwa sun cika gonar dankali. Duwatsun garinku sun matso kamar in miƙa hannu in taɓa. Kyanwa kuma ta zauna ta juya wa murhu baya. Da Mama ta ga ina kallo, sai ta ɗauke ta ta kulle a ɗakin shanu. Na ce, "Mama, me ta yi?" Ta ce, "Ƙuma gare ta, sarkin sa ido." Kunkunniya na ta zubowa daga bututun hayaƙi, Mama tana sharewa kafin in shigo. Ita ta koya mini alamun nan na zuwan guguwa, yanzu ita ke ɓoye su.

Ƙanenki, Tadhg

Tadhg,

Muna lafiya, in ka damu. Wato kyanwa ce za ta yanke mini wanda zai riƙe hannuna? Faɗi gaskiya, auta, tsoron dafa wa kanka dankali kake yi. Cikin fari ne, ungozomar nan kuwa hannunta rawa yake. Donncha ya ce rana tangaran, zai zo. Ku shirya kayanta.

Yayarka

Tadhg,

Allah ya sa jirgin wasiƙa ya iso gare ku. Na haihu, mace ce. Donncha ya fita Asabar da safe, da azahar iskar ta taso. An tsinci filafilin tuƙa kwalekwale ɗaya a bakin gaɓa. Ya iso? Ya ɗauki Mama? Ka yi mini rai ka amsa.

Gobnait

Yaya,

Barka da arziki. Suna nan lafiya su biyu. Donncha ya iso kafin iska, Mama har ta sa mayafi, na zauna a kan kwalekwalen na ƙi tashi. Ya fasa mini leɓe, na daure ban motsa ba. Muna cikin haka teku ta yi baƙi. Daga baya igiyar ruwa ta tafi da kwalekwalen, ba kowa a ciki.

Mama kuwa ta nufi ɗakin shanu. Ta sako kyanwar, ta zuba mata madara.

Ki sumbaci jaririyar.

Tadhg